Yadda za ku haɗa kai a wurin aiki ku karɓi haƙƙinku ba tare da an tsince ku ɗaya bayan ɗaya ba

Wannan bayani na masu aikin kamfani ne, irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano ko Kakuri a Kaduna, da masu gadi, da malaman makarantun kuɗi, duk wanda dai wata ke ƙarewa yana jiran alat ya ji shiru. Abu na farko, don Allah kar ka tashi kai kaɗai cikin fushi ka faɗa ofishin manaja, wallahi kafin la'asar an karɓe katinka a bakin get kuma sauran da suke zuga ka kowa zai sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Fara da tara takarda. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce cikin wata uku da fara aiki dole mai kamfani ya ba ka rubutacciyar takarda mai ɗauke da irin aikinka da albashinka da awannin aiki da hutu. Da yawa ba sa bayarwa, da gangan. To in ba a ba ka ba kar ka ce shikenan, ajiye alat ɗin banki na kowane wata, ɗauki hoton katin shaidarka da rajistar da kuke sa hannu da safe, saƙon WhatsApp da oga ya turo yana cewa ku zo ranar Lahadi shi ma kar ka goge. Wanda ake biya a hannu ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta kwanan wata da abin da aka ba shi da abin da aka yanke. Kuma a gida za ka ajiye su, ban da loka ta kamfani.

Sai kuma ku san me doka ta ba ku, saboda in kuka je da "ana zaluntar mu" kawai, murmushi za a yi muku. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024 da Tinubu ya sa hannu, kafin nan 30,000 ne daga 2019. Amma akwai rami a ciki, wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba dokar ba ta hau kansa ba, haka masu aikin kamasho, shi ya sa za ka ga wani kamfanin ya raba ma'aikata gida uku ƙarƙashin 'yan kwangila daban-daban, alhali injin ɗaya suke juyawa. A ganina wannan ramin ne babban abin da ya kamata ƙungiyoyi su sa a gaba, fiye da rigimar adadin kuɗin ma. Bayan shekara guda kana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinka. Mace mai ciki tana da mako 12, kuma in ta yi wata shida a wurin a biya ta aƙalla rabin albashi. Sallama ma da ƙa'idarta, wanda ya yi wata uku zuwa shekara biyu notis ɗin mako ɗaya, shekara biyu zuwa biyar mako biyu, daga biyar zuwa sama wata guda, ko a biya kuɗin madadinsa. In ana yankar maka fansho, kashi 8 cikin ɗari na albashinka naka ne kashi 10 na kamfani, je wurin kamfanin fanshonka ka nemi a buga maka bayanin asusunka, don wasu suna yanka ba sa zubawa, hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ake kai wa wannan ƙarar.

Yanzu ga inda aikin yake. Nemi mutum biyu ko uku da ka yarda da su, ba masu surutu ba, irin waɗanda in sun yi magana ake saurare, dattijon da ya daɗe a kan injin, ko matar da ke riƙe da adashin ma'aikata. Ku haɗu a waje, wurin mai shayi ko bayan sallar Juma'a. Kowa ya jawo wasu a hankali, baki da baki. Kar ku yi saurin buɗe guruf na WhatsApp, ko yaushe akwai mai kai rahoto, kuma sau tari ba mugu ba ne, bashi ne ya yi masa katutu. Sannan za a gwada raba ku, a ce wannan Bahaushe ne wancan Ibo ne, wannan Musulmi wancan Kirista, ko 'yan dindindin da 'yan wucin gadi. Tun ranar farko ku sa kowane ɓangare a cikin kwamitin, tsintsiya ai sai da maɗauri take shara.

Ba sai kun ƙirƙiri sabuwar ƙungiya ba, rajistar sabuwa na buƙatar aƙalla mutum 50 ga kuma dogon zirga-zirga. Ku je sakatariyar NLC, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa, ta jiharku ku tambayi wacce ƙungiya ce ke kula da irin sana'arku, masaƙa da ɗinki suna da tasu mai hedikwata a Kaduna, abinci da lemo da tasu, roba da fata da tasu, sai ku zama reshe. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba ku 'yancin shiga, kuma dokar ƙwadago ta hana a kori mutum saboda ƙungiya. Ana korar duk da haka, gaskiya, shi ya sa ake son sunaye su yi yawa kafin oga ya ji labari. Shugabannin ƙungiyar ma ku sa musu ido, akwai masu shiga ofis su fito da fara'a ba tare da an ƙara muku ko sisi ba, duk zaman da za a yi da manaja ku tabbata naku mutum biyu suna ciki.

Buƙatunku ku rubuta su gajeru, uku sun isa, wanda ya fi damun kowa a sama, kowa ya sa hannu, a kai kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa a ɗaya. In an yi biris, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiharku yana kiran ɓangarorin biyu sulhu. In abin ya ƙi, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana zama a Kano da Kaduna da Abuja da wasu jihohin, a nan ne littafin nan da alat ɗin za su yi muku rana. Yajin aiki shi ne na ƙarshe, yana da matakai da ƙuri'a da notis, in kuka tsallake su kun miƙa wa kamfani hujjar sallamar ku da hannunku.

Wanda injin ya ji masa rauni kuwa kar ya jira duk wannan. Dokar diyya ta 2010 ta ce ya sanar da mai kamfanin cikin kwana 14, shi kuma mai kamfanin ya kai rahoto NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata. Ka sanar a rubuce, ka riƙe takardun asibiti da hoton raunin, kuma duk takardar da aka miƙo maka a gadon asibiti tare da 'yan kuɗi a ambulan, kar ka sa hannu sai wani naka mai karatu ya karanta maka ita tukuna.