Yadda ake wanke kafiretar babur da fetur mai itanol ya toshe

Fetur mai itanol (nau'in alkohol da ake gaurayawa da fetur), kamar E10 da ke da kashi 10 cikin 100, yana jan danshi daga iska. In babur ya yi makonni a ajiye, ruwan kan kwanta a kofin ƙasan kafireta, ya ci ƙarfen, ya bar farin gari da danƙo. Alamarsa ita ce babur ya ƙi tsayawa a silo sai da cok, domin ƙaramin jet, wato ɗan ƙarfe mai siririn rami da mai ke bi, shi ne ke fara toshewa.

Ka rufe famfon mai, ka kwance sukurun ƙasan kofin, man ya tsiyaye. Ka cire kafiretar, ka buɗe kofin, ka zare fulot (abin da ke yawo a kan man kofin) da allurarsa da jet biyun, ƙarami da babba. Kafin ka cire sukurun iska, ka ɗaure shi a hankali har ya tsaya, kana ƙirga juyi, yawanci ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, don ka mayar da shi daidai.

Ka ware duk roba gefe, domin maganin wanke kafireta na fesawa yana kumbura ta. Ka jiƙa jet a cikin maganin minti 20, ka fesa kowace kafa, ka hura iska har ka ga haske ta cikin ramin. Kada ka zura waya ko allura. Jet ɗin tagulla ce mai laushi, in ramin ya faɗaɗa babur zai riƙa shan mai.

Gasket ko tiyon da ya sandare a canza shi. A zubar da tsohon man tanki, in ba haka ba aikin banza aka yi. In za a ajiye babur fiye da mako 2, a rufe famfo a tsiyaye kofin.