Oba-oba a Tafiyar Ayari: Abin da Sabon Zuwa Zai Duba Kafin Ya Saya

A watan jiya wani ƙanena da ke shirin tafiya karatu Amurka ya shigo gida da oba-oba guda biyu da ya sayo a wani shago a nan Kaduna, yana cewa da su za su riƙa magana tsakanin mota da mota idan shi da abokansa suka fita yawon buɗe ido a lokacin hutu. Na yaba masa hangen nesa, domin buƙatar ta gaskiya ce, sannan na ce masa ya bar su a gida. Tun da ba shi kaɗai ne ɗan Kaduna da zai yi irin wannan tunanin ba, na ga ya dace in rubuta bayanin da na yi masa.

A nan gida, idan an tashi kai amarya daga Tudun Wada zuwa Zariya da motoci biyar ko shida, wayar hannu ta wadatar, kuma ko da wata mota ta ɓace wa ayarin, za a tsaya a Maraban Jos ko a Jaji a jira ta, ga mutane ko'ina da za a tambaya. A ƙasashen da 'yan'uwanmu suke zuwa, lamarin ya bambanta. Hanyar Icefields Parkway a Kanada, wadda ta haɗa Lake Louise da Jasper, tsawonta kusan kilomita 230 ne, wato kamar daga Kaduna zuwa Kano, kuma mafi yawanta babu sabis na waya. Haka abin yake a wurare da dama na hamadar yammacin Amurka, da tsaunukan arewacin Sikotland, da tsakiyar Ostireliya. A manyan titunan Ingila kuma doka ba ta yarda mutum ya tsaya a gefen hanya ba sai da larurar gaggawa, saboda haka ba a jiran juna a inda aka ga dama. A irin wannan tafiya, na'urar da za a danna a ce wa motar baya, "Mu shiga wurin hutawa na gaba mu yi Azahar," tana da amfani sosai, kuma ba ta neman kati ko data.

Abin da ya sa na hana ƙanena tafiya da nasa shi ne kowace ƙasa ta ware wa jama'a zangon rediyo, wato mitar da ta yarda su yi magana a kai, kuma zangon wannan ƙasa ba shi ne na waccan ba. Oba-oban da ya sayo irin Baofeng UV-5R ne, wanda ake iya saita shi a kan kusan kowane zango da ke cikin iyakarsa. Wannan sassaucin da ke burge mai saye shi ne matsalarsa, domin hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ba ta amince da shi a kan tashoshin gama-gari ba. Mai son magana da shi sai ya ci jarrabawa ya sami lasisin masu sha'awar rediyo. Wanda bai san kan na'urar ba yana iya faɗawa zangon jami'an kashe gobara ko na wani kamfani bai sani ba, kuma baƙon da yake zaune da bizar karatu bai kamata ya janyo wa kansa irin wannan magana ba. Ƙa'idar da na ba shi mai sauƙi ce: ya sayi na'urar a ƙasar da zai yi amfani da ita, daga shagon da ke sayar wa mutanen ƙasar.

A Amurka, wanda ya fi dacewa da sabon zuwa shi ne wanda aka rubuta wa FRS a jikin kwalinsa. Ba ya buƙatar lasisi, yana da tashoshi 22 a zangon megahaz 462 da 467, kuma eriyarsa a manne take, ba a cire ta. Tun gyaran dokar da aka yi a 2017, ƙarfinsa yana kaiwa wat 2 a tashoshi 1 zuwa 7 da kuma 15 zuwa 22, amma daga 8 zuwa 14 rabin wat ne kawai. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su zaɓi tasha ta 10 su yi ta ƙorafin cewa na'urar ba ta da ƙarfi. Wanda yake son abin da ya fi haka sai ya nemi GMRS, wani rukunin oba-oba mai buƙatar lasisi, wanda na hannunsa ke kaiwa wat 5, na ɗaurawa a mota kuma har wat 50. Lasisinsa dala 35 ne na shekara 10, babu jarrabawa, ta intanet ake nema, kuma duk wanda ya kai shekara 18 yana iya nema ko da ba ɗan ƙasa ba ne. Lasisi ɗaya ya rufe iyali, har da iyaye da 'yan'uwa da surukai, amma bai rufe abokai ba, saboda haka ɗaliban da suka haɗa kuɗi suka yi hayar motoci kowa sai ya nemi nasa. Dokar ta kuma wajabta wa mai GMRS ya faɗi lambar lasisinsa da Turanci duk bayan minti 15 da kuma ƙarshen magana, ko da hirar da Hausa ake yin ta. A ganina, ga motoci biyu ko uku da ke bin juna, FRS ya isa, kuma idan wani a ayarin yana da GMRS za su ji juna, tun da tashoshinsu ɗaya ne.

Kanada tana amfani da waɗannan tashoshin, kuma ba ta neman lasisi ga na hannu da bai wuce wat 2 ba, amma lasisin GMRS na Amurka ba ya aiki a can. Ingila da ƙasashen Turai nasu daban ne: sunansa PMR446, a zangon megahaz 446, tashoshi 16, ƙarfinsa rabin wat, babu lasisi. Wanda ya saya a Landan zai iya ƙetarawa da shi Faransa ko Jamus, amma idan ya kai shi Amurka ya faɗa zangon da ke buƙatar lasisi, kamar yadda na Amurka haramtacce ne a Ingila. Ostireliya ce ta fi sakin hannu, inda nasu mai suna UHF CB yake da tashoshi 80 da ƙarfin wat 5 ba tare da mutum ya nemi lasisi ba. A can direbobin manyan motoci suna tasha ta 40, tashoshi 5 da 35 kuma an keɓe su domin gaggawa, bai halatta a yi hira a kansu ba.

Sai maganar nisa, wadda a nan ne mai saye ya fi ruɗuwa. Za ka ga kwali an rubuta masa mil 25 ko mil 35 da manyan lambobi. Wannan adadi ana samunsa ne idan mutum ɗaya yana kan dutse, ɗayan yana can ƙasa a fili, babu abin da ya shiga tsakaninsu, kamar a ce kana saman Kufena kana magana da wanda ke gona a nesa da Zariya. Siginar wannan zango a miƙe take tafiya kamar hasken tocila, tudu yana tare ta, gini da daji suna cinye ta, kuma ko a fili shimfiɗaɗɗe lanƙwasar ƙasa tana yanke wa mutum biyu da ke tsaye magana kafin su wuce kilomita 10 ko makamancin haka. Mota kuwa akwatin ƙarfe ce, tana riƙe siginar a ciki. Abin da mutum zai sa rai da shi tsakanin mota da mota kilomita ɗaya ne zuwa uku, wani lokaci ƙasa da haka a cikin gari ko tsakanin duwatsu. Wannan ya wadatar ga ayarin da ke tafiya tare, matuƙar na gaba bai take mota ya bar na baya ba, kuma riƙe na'urar kusa da taga, eriya tana kallon sama, yana ƙara nisa fiye da yadda ake zato. Ƙarin wat yana taimakawa kaɗan, amma tsayin eriya ya fi shi tasiri, shi ya sa masu yawan tafiya suke ɗora eriya mai maganaɗisu a kan rufin mota idan irin na'urarsu ta halatta hakan.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ke kira lambobin sirri, waɗanda ake tallata su da ɗaruruwa. Sunan yana yaudara. Aikinsu kawai su toshe maka muryoyin wasu da ke kan tasha ɗaya da kai. Duk wanda ya kashe nasa lambar zai ji abin da kuke faɗa tsaf. Kada a ambaci adireshin gida ko inda aka ajiye fasfo da kuɗi, kuma kada a dogara da cewa Hausa ake yi, domin Bahaushe ya riga ka zuwa wuraren da ba ka tsammani. Idan na'urorin ba na kamfani ɗaya ba ne, jerin lambobin yakan saɓa, mafi sauƙi a sa kowa a kan sifiri, wato a kashe lambar.

Wajen batir, na fi son wanda ke caji ta USB a cikin mota kuma yake karɓar batir ɗin AA idan nasa ya mutu, domin AA ana samunsa a kowane gidan mai. Sanyin can ya wuce na hunturun Kaduna nesa ba kusa ba, kuma yana zuƙe batir da sauri, saboda haka kada a bar na'urar ta kwana a mota. Idan za a yi tafiyar ƙafa a ruwan sama ko dusar ƙanƙara, a nemi mai alamar IP67, wadda ke nuna yana jure ruwa da ƙura. Na Amurka da dama suna kama tashoshin hasashen yanayi na hukumar NOAA, kuma wannan ya cancanci ƙarin 'yan daloli.

Oba-oba ba ya kiran lambobin neman agajin gaggawa irin su 911, ko 999, ko 112, ko 000. Muryarka tana isa ne kawai ga wanda ke kusa kuma yake kan tasharka. Masu shiga wurin da babu sabis na kwana da kwanaki suna buƙatar na'urar da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin Garmin inReach, ko wayar da ke da wannan damar, kamar iPhone daga samfurin 14 na 2022 a ƙasashen da aka buɗe hidimar. Dokar riƙe na'ura yayin tuƙi kuma ta bambanta daga jiha zuwa jiha a Amurka, a Ingila ma ana iya tuhumar direba da tuƙin ganganci idan ta ɗauke masa hankali, saboda haka na kusa da direba shi ne zai riƙe ta.

Kafin a tashi, a yi gwaji a wurin ajiye motoci, a amince da tasha ɗaya da wata ta biyu da za a koma idan ta farko ta cika da hayaniya, a kuma tsayar da wurin haɗuwa idan an rabu. Mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda: a danna, a jira daƙiƙa ɗaya, a faɗi abin da ake so a taƙaice, a saki. Doguwar gaisuwarmu ta gida da gajiya da iyali a bar ta sai an sauka, domin muddin yatsanka yana kan maɓallin, babu wanda zai iya sanar da kai cewa tayarsa ta fashe. Ƙanena dai ya ba wa maigadin layinmu nasa guda biyun ajiya, ya rubuta FRS a takardar abubuwan da zai saya idan ya sauka, a ƙasan rigar sanyi da layin waya.