Darasi: Kalmar Judge da Yadda Ake Amfani da Ita

Kalmar judge tana da haruffa 5, amma sauti 3 kawai ake ji. Ana furta ta kamar "jaj". Ba a furta d, ba a furta e na ƙarshe, shi kuma u yana fita kamar gajeren a na Hausa. Bakin Bahaushe ya saba rufe kalma da wasali, shi ya sa masu koyo kan ce "jaji". Ku tsaya a kan j na ƙarshe, ku maimaita sau 10 da babbar murya. Daga wannan kalma ce muka aro joji.

Idan kalmar Turanci a ko the ta zo gabanta, suna ce, ma'anarta alƙali. The judge is in court, wato alƙali yana kotu. Jam'inta judges. A nan ne ya kamata ku natsu, domin takardun kotu ba su kiran kowane alƙali da suna ɗaya. Na Babbar Kotu shi ne Judge, kuma ana sa Justice gaban sunansa. Na kotun majistare Magistrate ne, na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kuwa Kadi, shugabansu Grand Kadi. Babban jojin jiha Chief Judge ne, amma Alƙalin Alƙalan Najeriya Chief Justice ake ce masa. Wanda ya gauraya su a takardar koke yana iya aika ta ofishin da ba nata ba.

Alƙalan gasa ma judges ne, kamar masu ba da maki a musabaƙar Alƙur'ani ko muhawarar makarantu. Amma alƙalin wasan ƙwallon ƙafa referee ne. Hausa ta haɗa su a suna ɗaya, Turanci ya raba.

Idan ta biyo bayan mai aikatawa, ta zama aikatau: auna abu, kimanta shi, yanke masa hukunci. She judged the distance, ta kimanta nisan. Don aikin da ya wuce a ƙara d kawai, judged. In za a ƙara ing sai a jefar da e, judging. Rubuta judgeing kuskure ne da ke yawan fitowa a littattafan ɗalibai.

Kada ku sa ta a gurbin decide. Mai sayen buhun masara yana duba ƙwaya da nauyi, wannan judge ne. Sa'ad da ya ce "na saya", wannan decide ne. Awo ke zuwa kafin zaɓi.

Akwai kuma judging by, wato "bisa ga abin da ake gani". Judging by the clouds, it will rain: yadda hadarin nan ya haɗu, za a yi ruwa.

Hukuncin kansa judgment ne. Ana rubuta shi da e bayan g ko babu, duka daidai ne, sai dai kotuna sun fi rubuta shi babu e ɗin. Ku bambanta shi da ruling, wanda galibi hukunci ne kan wani batu a tsakiyar shari'a, kamar neman beli. In kun ga adjourned for judgment a takarda, an ɗage zama ne zuwa ranar yanke hukunci, kuma ranar ce bai kamata mai ƙara ko wanda ake ƙara ya rasa ba.

Aikin gida: kowa ya rubuta jimla 3, ɗaya da judge a matsayin suna, ɗaya a matsayin aikatau, ɗaya da judging by, ya karanta wa abokin zamansa a aji na gaba.