Kurakuran da na gaji da gani a nazarin ra'ayin jama'a da tarihin kimiyyar bayanai

Shekara da shekaru ina duba rubuce-rubucen ɗalibai da masu fara bincike a wannan fanni, kuma abubuwan da nake ja wa layi da jan biro ba sa canjawa. Fuskokin masu kawo aikin ne kawai ke canjawa. Shi ya sa na ga gara in tattara su wuri guda, in ya so duk wanda ya zo da ɗaya daga ciki sai in turo shi nan. Biyu daga cikinsu sun taɓa kayar da ni ƙasa warwas, don haka a kansu zan fi daɗewa.

Na farko shi ne ruɗuwa da yawa. Lokacin da nake haɗa kundina, na tsara takardar tambayoyi kan yadda mutane ke amincewa da labaran da suke ji a kafafen yaɗa labarai, na ɗora a intanet, na roƙi abokai su taya ni yaɗawa. Kafin wata ya ƙare amsoshi sun kai dubbai. Na shafe watanni ina jera alƙaluma, ina zana jadawali, zuciyata fes. Ranar kare aikin, wani dattijon malami ya cire tabaransa ya ɗora a kan kundin, ya dube ni ya ce, "Malam, mun ga waɗanda suka amsa. Su wane ne ba su amsa ba?" Bakina ya mutu. Abokaina da abokan abokaina na tambaya, masu waya, masu karatu, masu lokacin zama su cike takarda, sannan na rubuta "jama'a" a saman kowane shafi. Babi biyu suka tafi a ranar, da kusan shekara guda ta rayuwata.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne an riga an faɗa wannan rami tun 1936, kuma labarin yana cikin kowane littafin koyon bincike. A shekarar, mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10 kan zaɓen shugaban ƙasa, sama da miliyan 2 suka dawo. Ta yi hasashen Alf Landon zai lashe da kusan kashi 57 cikin ɗari. Da aka kaɗa ƙuri'a, Franklin Roosevelt ya samu kusan kashi 61, ya cinye jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta kwaso sunayen ne daga kundin masu tarho da rajistar masu motoci da jerin masu sayenta, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, talaka ba shi da ko ɗaya. Bayan haka kuma, waɗanda ke jin haushin Roosevelt sun fi zumuɗin mayar da takardar. George Gallup, da mutane kimanin dubu 50 kacal, ya faɗi wanda zai yi nasara daidai. Zuwa 1938 mujallar ta rufe. Likita ba ya zuƙe jinin jikinka duka kafin ya gane cutarka, ɗan kaɗan ya ishe shi, domin jinin a gauraye yake. Jama'a kuwa ba a gauraye suke ba, kai ne za ka nemi hanyar da kowa zai samu damar faɗowa cikin waɗanda za a tambaya.

Kada kuma ka mayar da Gallup waliyyi. A 1948 shi da sauran manyan masu jin ra'ayi sun ce Thomas Dewey zai kayar da Harry Truman. Sun bar wa masu yin tambayoyi zaɓin wanda za su tare, muddin sun cika adadin maza da mata da matasa da tsofaffi, kuma sun daina tambaya makonni kafin zaɓe. Hoton Truman riƙe da jaridar Chicago Daily Tribune mai shelar faɗuwarsa, alhali shi ya ci zaɓen, yana nan har yau.

Abin da nake yi tun daga ranar tabaran nan: kafin in rubuta tambaya ko ɗaya, sai na cika shafi guda da jerin mutanen da tambayata ba za ta taɓa isa wurinsu ba. Ban ga an koyar da haka a ko'ina ba, ɗabi'ata ce. In shafin ya fi ƙarfina, sai in rage da'awata, in rubuta "waɗanda suka amsa" maimakon "jama'a".

Ƙanin wannan kuskure shi ne ɗaukar hayaniyar Facebook ko X a matsayin muryar al'umma. Masu kawo min irin wannan aiki kusan kullum sai sun ambaci Elisabeth Noelle-Neumann da ra'inta na 1974 kan yadda shiru ke haifar da shiru, amma a baibai suke fahimtarsa. Ita ta lura ne cewa gabanin zaɓen Jamus ta Yamma na 1965 manyan jam'iyyu biyu suna kunnen doki a wajen wanda mutane ke niyyar zaɓa, amma hasashensu na wanda zai ci ya yi ta karkata ɓangare guda. Bayaninta shi ne mutum yana tsoron a ware shi, saboda haka yana sansanar iska, in ya ga ra'ayinsa ba shi da kasuwa sai ya kame baki, shirunsa kuma ya ƙara wa ɗaya ɓangaren kamannin rinjaye. Ma'ana wanda ya yi shiru yana da ra'ayi, ya ɓoye ne. To ta yaya za ka ƙirga masu magana kaɗai, sannan ka kafa hujja da matar da ta yi gargaɗi a kan hakan?

Akwai kuma tilasta wa mutum amsa. Philip Converse ya nuna tun 1964 cewa mutane da dama suna amsa tambayar siyasa ne don kada a ce ba su sani ba, in ka sake tambayarsu bayan wani lokaci amsar ta sauya ba dalili. George Bishop da abokan aikinsa sun gwada wannan a birnin Cincinnati na Amurka, suka tambayi mutane ko a soke wata doka ta 1975 wadda ba a taɓa yin ta ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku suka bayyana ra'ayi a kanta. Wannan ne Pierre Bourdieu ke nufi a maƙalarsa ta 1973 da ya ce babu wani abu wai shi ra'ayin jama'a. Yana sukar zato uku ne na masu ƙuri'ar jin ra'ayi: cewa kowa yana da ra'ayi kan komai, cewa duk ra'ayoyi nauyinsu ɗaya, da cewa an amince kan tambayoyin da suka cancanci a yi. Ɗalibai suna karanta taken su tsaya, su ce wai ya musanta cewa mutane na da ra'ayi. Ni dai ba na sakin takardar tambayoyi sai da gurbin "ban sani ba", kuma ina bayyana adadin waɗanda suka zaɓe shi a cikin jadawali, ba na share shi.

Yanzu na biyun da ya ci ni, kuma a nan zan ɗaga murya. Ku daina jan Claude Shannon zuwa inda bai ce zai je ba! Babu shekarar da ba na ganin wannan zane nasa na akwatuna da kibiyoyi da ke nuna yadda saƙo ke tafiya, mai aikawa, saƙo, hanya, ƙara, mai karɓa, an manna shi a babin farko na aikin da ke magana kan jita-jita ko wa'azi ko yaƙin neman zaɓe. Ni ma na yi. Na taɓa rubuta maƙala kan dalilin da ke sa mutane juya ma'anar sanarwar hukuma, na gina ta kacokan a kan wannan zane, na kira jahilci da son zuciya "ƙara". Na aika wata mujallar ilimi. Ta dawo da layi biyu daga mai tantancewa, yana roƙona in koma in karanta sakin layi na biyu na maƙalar Shannon da nake kafa hujja da ita. Na je na buɗe. A nan Shannon ya faɗa ƙarara cewa saƙonni sukan zo da ma'ana, amma ma'anar ba ta shafi matsalar injiniya da yake son warwarewa ba. A shafin farko! Na yi shekaru ina ambaton mutumin ban taɓa buɗe shafinsa na farko ba, daga bakin wasu nake kwasowa.

Shannon injiniya ne kuma masanin lissafi a ɗakunan binciken kamfanin Bell, maƙalarsa ta fito a 1948. Damuwarsa ita ce yadda za a isar da sigina ta waya ko iska ba tare da ta lalace ba, da kuma iyakar abin da hanya za ta iya ɗauka. A lissafinsa, bayani shi ne gwargwadon rashin tabbas da aka kawar. Ka jefa kwabo sama, ko kai ko wutsiya, sanin wanda ya faɗo shi ne bit ɗaya. A wannan ma'auni, tarin haruffan da aka watsa barkatai ya fi jimla mai hikima yawan bayani, tunda ba ka iya cankar harafin da zai biyo. Gaskiya da ƙarya kuwa in tsawonsu da tsarinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya. Warren Weaver ne, a littafin da suka fitar tare a 1949, ya buɗe ƙofar faɗaɗa tunanin zuwa ma'ana da tasiri, kuma ta wannan ƙofa masu nazarin sadarwa suka yi ta tururuwa ba tare da sun duba ƙafarsu ba.

Maganina mai sauƙi ne amma yana cin lokaci. Duk inda kalmar "bayani" ta fito a rubutuna, sai na sa mata alama a gefe: sigina nake nufi, ko abin da mutum ya sani a ransa, ko takarda da makamantanta da za a iya adanawa? Na ukun nan shi ne asalin gidan kimiyyar bayanai. Suzanne Briet, ma'aikaciyar babban laburaren Faransa, ta ba da misali a 1951 da ba na mantawa: barewa tana gudu a daji ba takardar shaida ba ce, amma in aka kama ta, aka kai gidan namun daji, aka ba ta suna da lamba ana nazarinta, ta zama shaida. Wannan tambaya ta ma'ana da hujja ba ta cikin lissafin Shannon ko kaɗan.

Daga nan sai masu fara tarihin fannin daga ranar da aka ƙera kwamfuta. Haba! A wajajen shekarar 987 Ibn al-Nadim, mai sana'ar kwafa da sayar da littattafai a Bagadaza, ya tsara Al-Fihrist, ya kasa littattafan da ya sani da Larabci gida goma, da sunayen marubuta da tarihinsu. A 1895 Paul Otlet da Henri La Fontaine sun kafa cibiya a Beljiyam da burin rubuta kowane abu da aka taɓa wallafawa a kan ƙananan katuna. Katunan sun haura miliyan 12, kuma mutum kan aiko da tambaya ta gidan waya a bincika masa a mayar masa da amsa. Na'urar memex da Vannevar Bush ya siffanta a 1945 tebur ce mai aiki da ƙananan hotunan takardu a kan fim, kuma ba a taɓa ƙera ta ba. Tunanin auna darajar rubutu da yawan masu ambatonsa, wanda Eugene Garfield ya mayar kundi a 1964, yana cikin abin da masu Google suka ɗora a kai a 1998. Sai dai kada ka zarce ka ce Otlet ne ya ƙirƙiro intanet. Shi rumbu guda yake mafarki, a tsakiya, ƙarƙashin kulawar masana, wanda ya yi hannun riga da abin da muke da shi yau.

Sauran ƙanana ne, amma suna zubar da mutunci. Dewey uku ne: Melvil mai tsarin jera littattafai da lambobi na 1876, John masanin falsafa, da Thomas ɗan takarar 1948. Na sha ganin an haɗe su mutum ɗaya. Littafin Jürgen Habermas kan fagen muhawarar jama'a na 1962 ne, fassararsa ta Ingilishi ce ta fito a 1989, kuma gidajen gahawa na Landan da yake yabawa ba kowa ke da kujera a cikinsu ba, kamar yadda Nancy Fraser ta nuna a 1990. Binciken McCombs da Shaw kan yadda kafafen labarai ke zaɓa wa mutane abin da za su damu da shi, masu zaɓe ɗari ne kacal da ba su yanke shawara ba aka tambaya a garin Chapel Hill na Amurka a 1968, don haka a ambace shi da girmansa. Firgicin da aka ce wasan rediyon Orson Welles, kan mamayar halittun duniyar Mars, ya jawo a 1938 jaridu sun zuzuta shi fiye da kima, a daina kafa hujja da shi cewa kafafen labarai na yi wa ƙwaƙwalwa allura. Tun zaɓen 1940 Paul Lazarsfeld da abokansa suka bi mutum kimanin 600 wata-wata a wata gunduma ta Ohio, suka ga kaɗan ne suka sauya sheƙa, kuma maganar na kusa da mutum ta fi ta rediyo da jarida shiga ransa.

Ana yawan maganar "muhawarar" ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann da John Dewey, alhali ba su taɓa zama a zauren muhawara suna ja-in-ja ba. Lippmann ya rubuta littattafansa a 1922 da 1925, Dewey ya yi musu sharhi, sannan ya fitar da nasa a 1927. Lippmann ɗin ma shi ne wanda aka fi ambata ba a karanta ba. Littafinsa na 1922 ya buɗe ne da labarin wani tsibiri inda wasu 'yan Ingila da Faransa da Jamus ke zaune tare a 1914, jirgin wasiƙu yana zuwa sau ɗaya a kwana sittin. Sun yi sama da mako shida suna gaisawa suna hira, alhali ƙasashensu sun riga sun shiga yaƙi, domin duniyar da ke cikin kawunansu ba ta riga ta samu labari ba. Duk ɗalibin da ya ambaci Lippmann a aikinsa, nakan ajiye biro in tambaye shi abin da ya faru a tsibirin. In ya yi zuru, sai in miƙa masa takardunsa in ce mu haɗu mako mai zuwa.