Na ciro fam 20,000 daga fansho, aka zaftare fiye da dubu biyar: yadda za ka karɓo naka

Shekara ashirin da huɗu na yi ina tuƙa bas a Birmingham. Na ajiye aiki a watan Maris ina da shekara 58, a watan Mayu kuma na nemi fam 20,000 daga asusun fanshona don in rufa gidan da nake ginawa a Kano. Na san kashi ɗaya cikin huɗu, wato fam 5,000, haraji ba ya taɓa shi. A lissafina, abin da za a cire daga sauran 15,000 ɗin bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Da kuɗi suka shiga banki sai na ga kimanin fam 14,870. Na cire tabarau na goge na sake dubawa.

Ba wanda ya cuce ni. Harajin gaggawa ne, kuma haka tsarin yake ga kusan duk wanda ya fara taɓa fanshonsa a Birtaniya.

Ka fara da duba takardar biyan da kamfanin fansho ya aiko maka, ka nemo lambar harajinka. Ta yawancin mutane 1257L ce. Ka ƙara mata sifiri ka sami fam 12,570, adadin da mutum zai samu a shekara ba tare da haraji ba, wato rangwamenka, kuma tun 2021 bai motsa ba. Idan ka ga an liƙa mata M1, W1 ko X a baya, to kana kan lambar gaggawa. BR na nufin a cire kashi 20 cikin ɗari daga komai, 0T kuwa ba a ba ka rangwame ko na kwabo ba. Mazauna Sikotilan za su ga S a gaba, kuma ma'auninsu daban ne, don haka lissafin da ke ƙasa ba nasu ba ne.

M1 ita ce ta kama ni. Kamfanin bai riga ya sami lambata daga hukumar haraji ta HMRC ba, sai ya ɗauki biyan nan tamkar albashin wata guda da zan riƙa karɓa sau goma sha biyu. Ma'ana, an mai da ni mai samun fam 180,000 a shekara, ni da ban taɓa ganin ko rabinsa ba! Rangwamen wata ɗaya kawai aka ba ni, kimanin fam 1,048. Fam 3,142 na gaba aka cire masa kashi 20, sai kimanin 7,286 aka cire kashi 40, ragowar 3,524 kuma kashi 45. Jimla kusan fam 5,130. Alhali ba ni da wani kuɗin shiga a shekarar, ainihin harajina shi ne kashi 20 na fam 2,430, wato fam 486.

Yanzu batun karɓowa. Fom uku ne, kuma ɗaukar wanda ba naka ba shi ke jawo jinkiri. Idan wani ɓangare kawai ka ciro, akwai saura a asusun, kuma ba za ka sake cira ba kafin shekarar haraji ta ƙare, P55 za ka cike. Shi na cike. Idan ka kwashe asusun ƙaf kuma kana da wani kuɗin shiga, albashi ko wani fansho, naka P53Z ne. Idan ka kwashe ƙaf, ka daina aiki, kuma ba ka da wani kuɗin shiga, P50Z. Wanda ya kwashe duka, kamfani zai ba shi takardar P45, mai nuna abin da aka biya shi da harajin da aka cire, kada ya yar da ita don za a nema. Duka ukun suna shafin GOV.UK, kyauta ne, kuma ana cikewa ta intanet. Ka tanadi lambar inshorarka ta ƙasa (National Insurance), da takardar biyan, da ƙiyasin duk abin da za ka samu daga 6 ga Afrilu zuwa 5 ga Afrilun baɗi, domin haka shekarar harajinsu take. Hukumar kan ce cikin kwana 30 za ta biya. Kada ka ba wani dillali kaso don ya cike maka. Ɗiyata ce ta zauna da ni bayan sallar isha'i, kafin shayi ya huce mun gama.

Idan ba ka yi komai ba, kuɗin ba su ɓata ba. Bayan shekara ta ƙare za a daidaita lissafi a aiko maka da takardar P800. Amma wanda ya cira a watan Mayu zai yi jiran fiye da shekara, ga damina tana dukan katako.

Da na sani tun farko, da ƙaramin abu zan fara cira, ko fam 100 ne. Wannan biyan shi ke sa hukumar ta aika wa kamfani lambarka. Sai ka duba a manhajar HMRC ko ka kira kamfanin ka tabbatar lambar ta iso, sannan ka nemi babban kuɗin. Wannan ba ya kawar da matsalar gaba ɗaya, domin a farkon shekara rangwamen watannin da suka wuce kaɗai za a lissafa maka. Shi ya sa cira a Fabrairu ko Maris ya fi kusa da daidai. Idan kuma kana da P45 ta shekarar da ake ciki daga wurin aikinka, ka miƙa wa kamfanin kafin biya.

Ga yayyenmu da suka fara karɓar fanshon gwamnati: shi ma akwai haraji a kansa, sai dai ba a cirewa daga tushe. Ana rage rangwamenka ne a lambar ɗaya fanshon. Cikakken sabon fanshon gwamnati a 2025/26 fam 230.25 ne a mako, kusan fam 11,973 a shekara, ka ga ya cinye rangwamen saura ƙiris. Don haka idan Alhaji ya ga lambarsa ta faɗo daga 1257L zuwa wata 'yar ƙarama, ko ta koma mai K a gaba, ba lallai kuskure ba ne, amma ya buɗe takardar bayanin lambar ya bi ta layi-layi.

Nawa kuɗin, fam 4,600 da ɗoriya, sun dawo a mako na huɗu. Na tura wa ƙanena a ranar, ya ce kwanon rufi ya riga ya ƙara kuɗi.