Idan Firgici Ya Taso Maka Ba Zato

1. Da ka ji gabanka na dukan uku-uku, gumi na karyo maka, nemi wuri ka zauna, ko dakalin ƙofar gida ne.

2. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4, ka fitar ta baki kana ƙirga 6, kamar mai hura koko mai zafi. Kada ka yi gaggawa a nan, don saurin numfashi ne ke ƙara jiri.

3. Kira sunan abu 5 da kake gani: buta, tabarma, takalmi.

4. Ce wa ranka zai wuce. Yawanci cikin minti 10 yake kai ƙololuwar ƙarfinsa, sannan ya fara raguwa.

5. Rage kofi da goro, duk da goro akwai wuyar bari. In abin yana dawowa, ko ƙirji ya yi ciwo, je ka ga likita.