"Na duba, babu shi": kurakuran masu neman fayil a manhajar adana takardu

Sabon ma'aikaci ba ya cika wata guda da samun izinin shiga manhajar adana takardu sai ka ji ya ce, "Na duba, babu shi." Galibi kuwa takardar tana nan daram. Ya buga kalma a akwatin bincike, bai ga komai ba, ya yanke hukunci. Na gaji da yi wa mutum bayan mutum bayani iri ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne batun takardun da aka sa a sikana. Abin da sikana ke fitarwa hoto ne. Kai kana ganin rubutu, kwamfuta kuwa ɗigo-ɗigo kawai take gani. Sai an bi hoton da fasahar OCR, wadda ke karanta shi ta mayar da shi haruffa, kafin bincike ya iya leƙa cikinsa. Idan ba a yi ba, ko sau nawa ka buga sunan kamfanin da ke shafin farko, ba za ka samu ba. Gwajin ba wuya: buɗe fayil ɗin PDF, danna Ctrl da F, nemi wata kalma da idonka ke gani a shafin. In ya ce babu, to hoto kake kallo.

Ko an yi OCR ɗin ma, kada ka saki jiki. Yana rikita sifiri da harafin O, yana rikita 1 da ƙaramin l, kuma idan hatimi ya hau kan lamba ko takardar ta shiga a karkace, abin da zai karanta daban ne. Rubutun hannu kuwa sai addu'a. Akwai lokacin da aka ce mana wata yarjejeniyar kwangila ta ɓata, biyan kuɗi ya tsaya, har muka cire kunya muka roƙi ɗaya ɓangaren ya turo mana nasa kwafin. Daga baya aka same ta da suna "Scan0312", sunan da na'urar ta laƙaba mata, a cikin foldar wanda ya ɗora ta. Ba wanda ya goge ta, ba wanda ya ɓoye ta. Mutum ne ya ga ba zai iya ɓata daƙiƙa goma ya sa mata suna ba. Tun daga nan, idan kalma ta ƙi kawo mini takarda, sai in koma ga bayanan da ke rakiyarta: wa ya ɗora, wane wata, wane irin fayil. Waɗannan manhaja ce ke rubuta su da kanta, ba ruwansu da abin da ke cikin hoton.

Na biyu shi ne ɗaukar sakamakon farko a yi gaba da shi. Don Allah wa ya gaya muku wanda ke sama shi ne sabo? Bincike yana jera sakamako ne bisa wanda ya fi dacewa da kalmominka, sai in kai ka ce a jera da kwanan wata. Ga kuma masu sauke fayil, su gyara a kan kwamfutarsu, su sake ɗorawa da sabon suna: "rahoto na ƙarshe", "rahoto na ƙarshe 2", "rahoto na ƙarshe na gaske". Ku ne kuke cika rumbun da 'yan biyu, sannan ku dawo kuna kukan bincike ba ya aiki. Manhajojin adana takardu irin su SharePoint da Google Drive suna ajiye tarihin gyare-gyare a cikin fayil guda, ka ga wanda ya taɓa shi da lokacin da ya taɓa, ka kuma iya komawa tsohon in kana so. Ni dai ba na karɓar fayil a liƙe da imel daga abokin aiki. Turo mini mahaɗin. Wasu na ganin tsanani ne, ban damu ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin lokaci. Akwai mai bincike yana tsaye cikin folda ɗaya, yana zaton duk rumbun yake dubawa. Akwai wanda ya bar matatar bincike (filter) da ya sa jiya a kunne, ta taƙaita shi ga shekarar bara. Fayil ɗin da aka ɗora yanzun nan ba lallai ya fito nan take ba, domin bincike yana duba jerin da manhajar ta tattara ne, kuma jerin yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya kamo sabon shiga. Abin da ba ka da izinin buɗewa ba zai ma bayyana maka ba, saboda haka kafin ka ce ya ɓata, tambayi wanda ya ajiye.

Kada ka zuba jimla guda a akwatin. Kalma biyu da ba a cika samunsu a wasu takardun ba sun fi goma na gama-gari. In kana son su zo a jere yadda ka rubuta, sa su cikin alamar zance. Wasu manhajojin ofis suna karɓar alamar tauraro (*) a ƙarshen kalma, ka buga farkon suna ya kawo duk yadda aka ƙarasa shi. Haruffa masu lanƙwasa ma a kula: a wurin kwamfuta ɗ da d haruffa biyu ne, don haka gwada duka.

Kwanan wata a sunan fayil: 03-04-2024 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu. Ka'idar rubuta kwanan wata ta ƙasa da ƙasa, ISO 8601, wadda ta fito tun 1988, ta raba gardama: shekara, wata, rana, wato 2024-04-03. Da haka fayilolin suke jera kansu daga tsoho zuwa sabo.

In duk an gwada bai fito ba, a leƙa kwandon shara tun da wuri. Google Drive yana share abin da ya kwana 30 a ciki, SharePoint na intanet kuma kwana 93 yake riƙewa. Wanda ya tsaya gardamar wa ya goge har wa'adin ya wuce, sai dai ya je wurin mai kula da manhajar ya ji ko akwai wani kwafin ajiya.